Takun Ƙafar da Ya Biyo Ni Daga Roma

Wannan abu ya same ni ne a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin injiniyan noma a College Park, a Amurka, ina zaune a Hyattsville a wani gidan haya mai hawa uku, ni da abokina Bulus, mutumin Pankshin, wanda yake karatun haɗa magunguna yana kuma tuƙa tasi a ƙarshen mako. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, don ni ba na son faɗin abin da ba zan iya kawo hujjarsa ba, kuma har yau ba ni da hujja. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne abin da kunnena ya ji. Wallahi na ji. Ko mene ne shi, wannan kuma ban sani ba, kuma duk inda ban tabbata ba zan gaya muku ban tabbata ba.

Na je gida ne dogon hutu, a hanyar dawowa kuma jirgin da ya ɗauko mu daga Kano a Roma yake sauke mutane, wanda zai kwashe ni zuwa Amurka kuwa sai bayan kwana biyu. Na san da haka tun kafin tafiya, na riga na karɓi bizata, na rubuta sunan wani ɗan ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa a takardu biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a jaka, don ni irin mutanen nan ne masu isa filin jirgi tun masu shara ba su gama ba. Kafin in bar Hyattsville Bulus ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce a wajen garin akwai wasu ramuka a ƙarƙashin ƙasa inda Kiristocin farko suke binne matattunsu, mahaifiyarsa tana yawan jin labarinsu a coci, in daure in je in gano masa, in kawo ko da hoto ne ya aika mata. Na ce in Allah ya yarda. Ni kuma in na ce in Allah ya yarda, to nufina zan yi.

Ranar farko na yi abin da kowane baƙo yake yi. Na je na ga katafaren ginin nan mai zagaye da ya zube ta gefe ɗaya, inda aka ce da ana sakar wa mutane zakuna jama'a na kallo, na ga kyanwoyi kwance a kan duwatsun da aka ce sun girmi ganuwar Kano, na tsaya bakin wani marmaro mai gumakan dawaki na kasa samun wurin sa ƙafa saboda mutane. Fasfo ɗina na cikin wata 'yar jaka a ƙarƙashin singileti, kowane minti goma sai na shafa na ji yana nan. Abinci kuwa taliya da tumatir zalla na ci, ita ma sai da na tambayi mai kawowa sau uku ko babu alade a ciki, har ya ɗaga hannuwa sama ya kira sunan uwarsa.

Washegari da hantsi na hau bas na fita ta wata tsohuwar ƙofar gari, muka bi wata hanya ta shimfiɗaɗɗun duwatsu mai dogayen itatuwa a gefe. Na isa wurin wajen ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna, aka ce na yi sa'a, rukunin masu jin Turanci na ƙarshe ke nan kafin a rufe, don da sha biyu suke tashi cin abinci, ba sa sake buɗewa sai wajen biyu da rabi. Jagoranmu wani fada ne, limamin coci, siriri mai furfura, Turancinsa a gutsure. Ya ce babu ɗaukar hoto, babu taɓa bango, sannan ya ɗaga yatsa ya ce kada kowa ya bar ayari, domin hanyoyin ƙasan nan hawa-hawa ne, kuma akwai waɗanda su kansu ba su san ƙarshensu ba. Na gyaɗa kai fiye da kowa. Ni ne ma na matsa kusa da shi don kada wata kalma ta wuce ni.

Muka gangara wata matattakala mai tsawo, zafin waje ya yanke kamar an rufe ƙofa, wani sanyi mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya karɓe mu. Da ƙafata ta taka ƙasan wurin sai na ga abin da yake ciki. Lungu ne siriri, in ka buɗe gwiwar hannu za ka taɓa bango biyu, bangon kuma tun daga ƙasa har sama da kai an fafake shi layi-layi, kowane gurbi tsawon mutum a kwance, wasu kuma 'yan gajeru, na jarirai. Maƙabarta ce sosai. Ni a raina na ɗauka gidan tarihi za ni.

To a nan ne na yi abin da na yi. Tun ina yaro mahaifina ya koya mini ba a shiga maƙabarta babu sallama. Na tsaya ina shawara da zuciyata ko ya halatta a yi wa waɗannan, tunda ba Musulmi ba ne, sai kuma na tuna fadan ya ce sun mutu tun kafin zuwan Annabi da ɗaruruwan shekaru, mabiya Annabi Isa ne na farko-farko, to wa ya san matsayinsu wajen Allah? Na ga yin sallamar ya fi rashin yinta aminci. Na sunkuyar da kai na yi ta a hankali, yadda ko matar da ke gabana ba ta ji ba.

Sai na ji an yi gyaran murya.

Irin gyaran muryar da dattijo yake yi a cikin ɗaki in ka yi sallama a zaure, don ka san yana nan kuma ya ji ka. Daga hannun hagu ta fito, daga wani lungu mai duhu da aka gitta wa igiya. Na juya na ga wani ƙaton Bature mai gajeren wando a bayana yana share hanci, na ce a raina shi ne, rami ne yake juya sauti. Har yau ina so in yarda shi ne.

Muka ci gaba a jere, fadan na gaba yana nuna zanen kifi da na kurciya a bango. Ƙwayayen lantarki ne 'yan ƙanana a jikin waya, tsakanin ɗaya da ɗaya akwai duhu. Sai na lura a wasu wurare akwai falalen duwatsu a ƙasa masu rubutu, mutane suna bi ta kansu da takalma hankali kwance. Na tambayi fadan, ya ce e, wasu kaburbura ne. Ni kuwa ba zan iya taka kabari ba, ko na wane ne. Sai na riƙa raɓewa jikin bango ina tsallakawa, ina kuma kiyaye kada in taɓa bangon tunda an hana, abin ya zama aiki. Na baya suka fara wuce ni ɗaya bayan ɗaya, ina ba su hanya ina ba da haƙuri, har ƙaton nan ya wuce, na zama na ƙarshe. Muka zo wani wuri da duwatsun suka jeru guda huɗu ko biyar bango zuwa bango, babu inda za a raɓe. Na tsaya ina auna yadda zan yi. Na ga wani ɗan lungu a dama wanda a lissafina zai zagaya ya haɗu da hanyar a gaba, muryar fadan ma kamar ta can take fitowa. Igiyar da ke bakinsa ta faɗi ƙasa, na ɗauka buɗe yake. Na shiga.

Bai haɗu da komai ba. Ya lanƙwasa, ya rabu biyu, na bi wanda murya ta fi ƙarfi a cikinsa, ya sake rabuwa, muryar ta koma bayana. Na ce to in koma inda na fito, taku nawa ne, amma da na juyo sai na tarar da baki uku a inda na bar biyu. Hasken da nake gani da shi ɗan tsirit ne da yake ratsowa daga wani wuri, ban san daga ina ba. Na yi kira da Turanci, da ladabi tukuna, don kunyar a ce baƙar fata ɗaya da ke cikin ayari shi ne ya karya doka. Ƙasar wurin mai laushi ce, tana shanye murya kamar katifa. Na ɗaga murya sosai, na kasa kunne. Babu fada, babu takun jama'a, babu komai. Na dubi agogona mai hannu mai sheƙi, sha biyu da minti shida. Ina cikin kallonsa ɗan hasken nan ya ɗauke. An kashe wuta, sun tafi cin abinci.

Jama'a, na san duhu, na taso a garin da babu lantarki, amma duhun sama yana da taurari ko inuwar bishiya. Wannan kuwa ko ka buɗe ido ko ka rufe duk ɗaya ne. Na miƙa hannu don in dafa bango, hannuna ya zarce cikin gurbi har kafaɗa, na zare shi da sauri na buge da ɗaya bangon. Hankali ya ce mini in zauna wuri ɗaya har biyu da rabi a kunna wuta. Sai wani hankalin ya ce ai ba a kan hanyar 'yan yawo kake ba, wa zai zo nan, kuma wa ya san kana ciki? Mai otal bai san inda na nufa ba, mutanen gida sun ɗauka ina Amurka, Bulus ya ɗauka ina sama. Sai na tashi na fara tafiya ina ƙirga taku da kwana, hagu goma sha biyu, dama bakwai, wai don in iya komawa, ban ankara ba ƙasa ta fara gangarewa, rufin ya sauko har yana shafar hulata, iska ta yi nauyi. Ƙasa nake ƙara yi. Lissafin ya rikice mini. Na durƙusa na kama Ayatul Kursiyyu, abin da nake karantawa bayan kowace salla tun ina shekara bakwai, wallahi na kai tsakiya na rasa abin da ke biye, na koma farko, na sake tsayawa a wuri ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba, don na daina duba agogo, ganin hannunsa yana ƙara mini tsoro. Abin da na sani shi ne, a ƙarshe bakina ya buɗe da kansa, da Hausa, kuma ba ihu na yi ba. Magana na yi irin wadda mutum yake yi in ya faɗa gidan da ba nasa ba. Na ce, “Masu gida, ku yi haƙuri, ni baƙo ne. Ban zo da sharri ba, gudun taka ku ne ya kawo ni nan. Ina so in koma.”

Shiru. Sannan a bayana, ta hagu kaɗan, na ji an motsa ƙafa a kan ƙasa, kamar wanda ya daɗe a tsaye ya gyara tsayuwa.

Ban juya ba, in ma na juya me zan gani. Na miƙe na yi taku ɗaya. Aka yi ɗaya. Na yi uku, aka yi uku. Taku ne na ƙafa ba takalmi, a hankali, ƙafa ɗaya tana ɗan jan ƙasa kamar ta tsoho. Na ce amsa-kuwwar takuna ce, sai na tuna takalmina mai taurin dunduniya ne, ƙwas-ƙwas yake yi. Muka tafi a haka har hannuna ya ji bango ya ƙare, alamar mararraba. Na karkata dama. Takun ya tsaya. Na yi gaba kamar taku biyar ni kaɗai, shirun nan ya fi takun ban tsoro, na dawo da baya na shiga hagu, sai na ji ya biyo. Sau biyu aka yi haka kafin in gane abin da ake nufi. In na ɗauki hanya ya biyo, daidai ne. In ya tsaya, na kauce.

Haka muka yi ta tafiya, bai taɓa wuce ni ba, bai taɓa matsowa ya taɓa ni ba, kullum rabin taku a bayana ta hagu. Ƙasa ta fara hawa, rufi ya ɗaga, iska ta sassauta. Can sai na ga wani abu fari-fari a gabana, na ɗauka idona ne, ashe haske ne yake saukowa daga wata ƙunƙuntar matattakala, a samanta ƙofar ƙarfe mai sanduna, a bayanta hasken rana da ganyen inabi. Ban san lokacin da na haye ba. Na kama sandunan ina jijjigawa ina kira, har wani tsoho mai ban ruwa a lambu ya yar da tiyonsa ya zo, ya dube ni ya yi alamar gicciye, ya ruga ya kirawo fadan da makulli. Ana buɗewa na faɗo waje, ban waiga ba, ban ce uffan ba, sai da na kai tsakiyar lambun na zube a kan ciyawa. Ƙarfe biyu saura kwata. Fadan ya yi ta faɗa rabi da Turanci rabi da yarensu, ya ce rukuni biyu ne suka haɗu wajen fita shi ya sa bai lura ba, ya ce ƙofar nan ta can wani sashe ce da ba a kai baƙi, ta yaya na same ta a duhu? Na ce sa'a. Ya ba ni ruwa. Na sayi hoton kati guda domin mahaifiyar Bulus, na kama bas.

Sauran zamana a Roma ban lura da komai ba, gari ne mai hayaniya, babura ko'ina. A jirgi ma ƙarar inji ta cika kunne. Sai da na iso Hyattsville, tasi ya sauke ni da azahar, na kinkimi akwati na fara hawa benenmu, babu kowa a matattakala, sai na ji shi. Rabin taku a bayana, ta hagu, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Na tsaya, ya tsaya. Wannan karon da haske, na juya. Babu kowa, sai bango mai fentin ruwan toka da abin kashe gobara. Na ƙarasa hawa da gudu, na buɗe ƙofa na faɗa ciki, na kasa kunne. Bai shigo ba. A cikin gida, daga falo zuwa kicin zuwa banɗaki, babu komai. Amma da na fita da yamma zubar da shara, ina tsallake dokin ƙofa ya ɗauka daga inda ya tsaya.

Na kawo wa kaina dalilai, kuma ban ce ba su da ƙarfi ba. Gajiyar tafiya. Maganin zazzaɓin da na sha a gida, an ce yana sa kunne ƙara. Firgita. Na ba abin kwana uku, na je makaranta, ya bi ni tashar bas, ya bi ni tsakanin kantocin laburare inda ko numfashin mutum ana ji, ya bi ni har ƙofar ofishin farfesana ya tsaya a waje, ina fitowa ya ci gaba. Ba ya yi mini komai. Bi kawai yake yi. Amma ku gwada yini ɗaya da wani a bayanku wanda ba ya magana. A rana ta huɗu na sa takalmi na kama hannun ƙofa, na kasa murɗawa. Daga nan na daina fita. Na bar lacca, na bar gonar gwaji inda shukar da zan rubuta kundina a kanta take jiran awo, na bar Juma'a, abin da ban taɓa yi ba. Sakatariyar sashenmu ta yi waya sau biyu, na ce mura. A na uku farfesan da kansa ya ce in ban zo na ɗauki awon nan cikin mako ba, shukar za ta wuce lokacinta, sai dai wata shekara, kuma gwamnatin jiharmu ba ta turo ni don wata shekara ba. Na ce to. Na ajiye waya na zauna ina kallon ƙofa. A ramin Roma aƙalla akwai wanda ya kulle, nan kuwa makulli na aljihuna.

Bulus ne ya matsa mini sai da na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Malam, aike ɗaya na yi maka, hoto. Ban ce ka ɗauko mini mutum ba. Ka san dokar gidan nan, mutum biyu aka rubuta a takardar haya.”

Na ce ba wasa nake yi ba.

“Na sani. Amma in namu ne, ka gaya masa coci Lahadi ƙarfe goma ne, ni zan kai shi a tasi, ba sai ya taka ba.” Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga ban yi ba ya ce in tashi mu fita tare ya ji. Muka yi tafiya daga ƙofarmu zuwa ƙarshen baranda muka dawo. Na ce ka ji? Ya ce bai ji komai ba, amma na lura ya koma ta damana, kuma da muka shiga shi ya sa sakata.

Ran Asabar da hantsi sai ga Mama Saratu da kular gwate. Ƙanwar mahaifin Bulus ce ta wajen aure, mutuniyar Kafanchan, nas ce a wani asibiti a cikin Washington, ta fi shekara goma a ƙasar, duk wani ɗalibi ɗan Arewa da ke yankin, Musulmi ko Kirista, ya ci tuwonta ya kuma sha faɗanta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta auna jinina, ta duba idona da 'yar tocila, ta leƙa kunnuwana, ta tambayi maganin da na sha da ranar da na daina, ta tambaya ko a danginmu akwai mai taɓin hankali. Na ce ban sani ba, amma ba zan rantse babu ba.

“Kai dai ba ka taɓa amsa tambaya da e ko a'a ba,” in ji ta. “Ci abinci, ka ba ni labarin tun daga farko. Kai kuma Bulus rufe mini baki.”

Na ba ta, tana ji tana kallon ƙofa. Da na kai wurin ƙofar ƙarfe sai ta ɗaga hannu.

“Da aka buɗe maka, me ka ce masa?”

“Wa, Mama? Fadan?”

“Wanda ya fito da kai.”

Na ce ban ce komai ba, gudu na yi.

Ta ajiye cokali. “Ɗana, ni 'yar coci ce, kuma ma'aikaciyar asibiti, ban ce maka na yarda da wani abu ba. Ran Litinin zan kai ka wurin likitan kunne, ko ka so ko ka ƙi. Amma tambayarka nake, a gidanku in ka je wurin babba ka tashi tafiya ya taso ya taka maka, wa yake cewa a tsaya?”

Na ce baƙon.

“In baƙon bai ce ba fa?”

Kowa ya san wannan. Mai rakiya ba ya juyawa da kansa, kunya ba za ta bar shi ba, sai ka tsaya ka ce ya isa haka, a koma, ka yi godiya.

“Ka shiga da sallama kamar ɗan mutunci, ka fita kamar ɓarawon akuya,” ta ce. “Ka ja dattijo har Amurka ba takalmi.”

Bulus ya ce, “Kuma ba biza.” Ta jefe shi da murfin kula.

Bayan ta tafi na yi ta juya maganar, ko yin haka zai zama shirka, ko neman wani abu ne wurin wanin Allah. Na ga ba roƙo zan yi ba, godiya ce da sallamar baƙo, in babu kowa iska na yi wa magana, in da kowa na sauke haƙƙi. Na yi alwala na yi la'asar, na sa kaftani da hula. Bulus ya ce zai raka ni, na ce a'a, rakiya ɗaya ta ishe ni. Na murɗa ƙofa.

Yana nan. Muka sauka bene, muka bi gefen titi, rana na nan da sauranta, yara baƙaƙen Amurka suna buga ƙwallon kwando a wani fili, wata mata tana wanke mota. A ƙofar gida ya kamata in yi, amma sai na ga ba a sallamar mutum a bakin ƙofarka kamar kora, sai an ɗan taka. Na yi tafiya kamar ta minti goma har wata mararraba mai babbar bishiya kusa da wurin tsayawar bas. Na jira wani mai kare ya wuce. Na tsaya, ya tsaya. Na ɗan juya ta hagu, na rusuna kamar yadda ake yi wa manya, idona a ƙasa, na ce, “Baba, ya isa haka, a koma. An sha wahala. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ka yafe mini ban faɗa da wuri ba. A gai da mutanen gida.”

Na ɗaga ƙafa na yi taku ɗaya. Shiru. Na yi goma, na yi ashirin, takalmina kaɗai nake ji. Na tsallaka titi na zagaya ta wata hanya na koma gida, na hau bene ni kaɗai. Ran Litinin likita ya ce kunnena lafiya lau, ran Talata na ɗauki awona, kuma daga ranar har yau ban sake jin takun nan ba.

Sai dai akwai abin da ban gaya wa Mama Saratu ba. Da na ce a koma, na kasa kunne sosai, kuma na san yadda takunsa yake in yana tafiya, ƙafar nan mai jan ƙasa ba ta ɓuya. Na ji ya tsaya. Ban ji ya juya ba. Kuma sai da na kwanta na tuna, ina zai koma? Ta wace hanya? Tsakaninsa da gida akwai teku, kuma ni na san hanyar, shi bina kawai ya yi. Na sha tunanin in yanki tikitin da zai bi ta Roma in mayar da shi, amma kafin haka sai na je mararrabar nan na ce masa taso mu tafi, ni kuwa ban taɓa samun wannan ƙarfin zuciyar ba. Sauran zamana a Hyattsville ban sake bi ta wurin da ƙafa ba, kuma da gangan na ƙi faɗa muku sunan titin.

Shawarata ga mai zuwa yawon buɗe ido a tsofaffin garuruwan nan, kada ka bar ayari ko da kuwa dalilinka mai kyau ne. In kuma Allah ya sa ka ɓata, wani ya fito da kai, ko wane ne shi, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba, ka daure ka tsaya ka sallame shi tun a bakin ƙofarsa, inda ya san hanyar komawa.